Haruffan Gidan Walwala

Ranar da aka sauke katakon gini daga jikin benen mijin Yaya, na tsaya a tsallaken titi na dubi farin bangon nan tun daga ƙasa har sama, na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Ni mai rubutun allo ne. Duk wani "Akwai ƙanƙara" da "Ba a fitsari a nan" da ke unguwarmu aikina ne. Mutane suna kirana Burushi, amma a katin da na buga wa kaina na sa Farfesan Haruffa, kuma har yau ban ga wanda ya zo da takardar da ta hana ba.

A lokacin na ɗan jima ina kallon hotunan manyan gine-gine a waya, filayen jirgi da asibitoci da kantuna masu hawa-hawa, inda rubutu yake bin bango kamar tare aka gina su, layi kuma yana jan mutum a ƙasa har ƙofar da yake nema. Na kalla na kalla, har na gano bambancina da masu irin wannan aiki: su an ba su gini, ni ba a ba ni ba.

Da la'asar na dira gidan Yaya. Na tarar da mijinta a falo ya miƙe ƙafafu, gajiyar ginin shekaru tana fita daga jikinsa. Duk abin da ya tara a rayuwarsa a benen nan ya zuba shi. Yaya ce ta raɗa wa ginin suna, Gidan Walwala, don ta ce daga ranar da aka buɗe shi za ta daina jin zancen siminti a bakin mijinta.

Na ce, "Yallaɓai, wa zai yi rubutun ginin nan?"

"Akwai wani kamfani da muka yi magana."

Na girgiza kai kamar an aiko mini da rasuwa. "Kamfani. Su zo su manna maka haruffan inji irin na jikin kwalin magani, gobe ka ga irinsu a shagon mai faci."

"Ni dai so nake mai neman likita ya sami likita."

"Ai nan aka bar ka a baya, Yallaɓai. Ginin zamani magana yake yi. Harafi zai yi kama da sana'ar mai shago, ƙasa za ta ja baƙo da layi, sunan gida kuma a can ƙololuwa, da ƙarfe, kowane harafi ya fi ka tsawo. Mutum zai shiga ya fita bai tambayi kowa komai ba."

Yaya ta ajiye masa ruwa ta ce, "Ka ba shi mana. Tun yana rarrafe yake ɓata wa mutane bango."

Na ɗauki wannan a matsayin shaida.

Mijin Yaya ya dube ni ya dubi matarsa, ya ga ƙuri'a ba ta gefensa. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. A iya karantawa."

"Yallaɓai, wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai karanta."

A gida na kwashe kwanuka daga kan tabarma na baje takardu. Na shiga ƙirƙirar salon rubutuna na kaina, wanda na sa wa suna Rangwaɗa. Dokarsa ɗaya ce: harafi ba soja ba ne da zai tsaya ƙiƙam. Da na gama gwajin farko na ɗaga wa matata.

"Karanta."

Ta matso, ta ja baya, ta juya takardar. "Taliya ce ta zube?"

"Ƙofar fita aka rubuta."

"To, Baban yara, in gobara ta tashi sai a kira ka ka fassara?"

Na ce mata ido ma sai an horar da shi. Ta ce idonta dai ya ishe ta tsintar tsakuwa a shinkafa, ta karɓe tabarmarta.

Na fara da shagon ƙasa, na wani dattijo mai wankin kaya da kowa ke kira Baba. Rubutu ne mai sauƙi, WANKI DA GUGA. Amma ni ba mai sauƙi ba ne. Harafin ƙarshe na WANKI, maimakon in ja sanda ɗaya kamar kowane gama-garin mai fenti, sai na zana shi a siffar wando a shanye: ƙafafu biyu sun buɗe, sun haɗe a sama, ga bel a gicciye. Na sauko daga tsani na tsaya ina kallo har na manta ban karya ba.

Baba ya ce, "Wannan wandon fa?"

"Harafi ne, Baba. Yana aiki biyu, yana rubutu yana talla."

"Allah ya sa ya san aikinsa."

Washegari da hantsi ina haɗa fenti a bakin matakala, wata babbar mota ta tsaya. Direban ya sauko, ƙato, ƙura har gira, tawul a kafaɗa, soso da sabulu a hannu. Ya shiga shagon Baba ya yi sallama, ya fara ɓalle maɓallin riga.

Baba ya miƙa hannu. "Kawo rigar."

"A'a, ita ta yi haƙuri, ni na fi ta datti. Ina gugan?"

"Wane guga?"

"Wanda ake wankan da shi. Ga shi an rubuta, wanka da guga. Ni ko famfo ne ma ba na ƙi."

Baba ya fito da dutsen guga a hannu, ya tsaya gaban allonsa ya ɗaga kai. Na ga leɓensa yana motsi. Sannan ya juyo yana nemana.

"Burushi, shekarata nawa a sana'ar nan, ban taɓa cuɗa bayan ƙato ba. Yau ka mayar da ni gidan wanka?"

"Baba, wando ne fa."

"To ka cire masa wandon."

Na ce masa mutum ɗaya ba ya zama hujja, kuma direbobi ido a gajiye suke zuwa. Kafin azahar wasu biyu sun sake zuwa, ɗaya har da kayan canji a leda. Baba ya samo kwali ya rubuta da gawayi, "Kaya kawai", ya rataya a ƙasan aikina. Na wuce na yi kamar ban gani ba. Mai fasaha yana buƙatar fata mai kauri, kuma tawa, in an faɗi gaskiya, ta yi kauri tun kafin fasahar ta zo.

A hawa na biyu akwai likitar haƙori, mace mai gilashi wadda ba ta ɓarnar magana. Allonta ASIBITIN HAƘORI. Nan na zuba basira. Harafin zagayen nan na tsakiyar HAƘORI na buɗe shi ta sama, na mai da shi muƙamuƙin ƙasa, na jera masa fararen haƙora a ciki. Likita ta leƙo ta duba ta saman gilashi.

"Me ya sa bakin ba shi da rufi?"

"Ya buɗe ne a duba shi, Likita."

Ta ce, "Hmm," ta koma ciki. Na ƙirga wannan "hmm" cikin yabo.

Bayan kwana biyu ina kan tsani a barandar, sai ga wata mata ta hawo tana jan mijinta da hannun riga. Mutumin fuska a murtuke, yana huci. Ƙofa a buɗe take, don haka na ji komai.

Matar ta ce, "Likita, ga shi na kawo miki. Kwanan nan ko gaisuwa aka yi masa sai tsawa. Jiya har kyanwa ya yi wa faɗa. Na ga an rubuta asibitin haƙuri, na ce to Allah ya kawo mu. Allura ce ko ƙwaya?"

Na ajiye burushi na kasa kunne.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta dubi mutumin, ta ga kumatunsa ɗaya ya ɗan tasa. Ta ce, "Malam, zauna a kujerar nan ka buɗe baki." Ya buɗe don ya yi masifa, ta leƙa. Ashe wani ruɓaɓɓen haƙori ne a can ƙurya ya hana shi barci, shi kuma girman kai ya hana shi faɗa. Ta cire. Mutumin ya fito da auduga a baki, shiru kamar ɗan rago, matar tana sa wa Likita albarka tana cewa za ta turo maƙwabcinsu da ƙanin mijinta.

Da suka sauka Likita ta fito ta tsaya gindin tsanina.

"Malam Burushi, ka rufe bakin nan yau."

"Likita, ai kin gani da idonki. Allona ya gano cuta kafin ki gano."

"Wani da ya zo da safe neman haƙuri, haƙoransa lafiya lau. Matarsa ce ta tafi gidansu, ya zauna ya ba ni labari har na rasa marasa lafiya biyu."

Wannan ɓangaren ban kai wa mijin Yaya ba. Na kai masa na farkon, da ƙari. Na ce allo ɗaya ya warkar da mutum ya gyara aure. Ya ce, "Baba mai wanki ya kira ni." Na ce Baba mutumin da ne, sabon abu yana ba shi tsoro.

Sai banɗakuna. Ƙofofi biyu ne a jere, MAZA da MATA, harafi ɗaya tak ya raba su. Wani mai fenti zai rubuta ya wuce. Ni na zauna na yi tunani, kuma duk inda na yi tunani a aikin nan, nan aka samu matsala. Na ce namiji ba ya lanƙwasa, don haka harafin maza na miƙar masa da baya, na gajarce ƙafarsa, ya tsaya cak da faffaɗar kafaɗa. Na mata kuwa na karya masa kwankwaso, na ja masa gefen zani a ƙasa, yana tafe yana rangwaɗa. Abin ya yi kyau. Matsalar kawai, wanda na miƙar ya koma kama da na mata, wanda na lanƙwasa ya koma kama da na maza.

Baba ne ya fara gwadawa. Ya zo da butarsa, ya karanta, ya tura ƙofa. Ya yi kiciɓis da Likita tana wanke hannu. Ban san dattijo yana iya tafiya da baya da irin wannan sauri ba. Ya fito yana salati, buta tana zuba a ƙafarsa.

Likita ta fito tana goge hannu. "Ni na tambayi mai gini wacce ce tamu tun kafin a yi rubutu. Baba kuma rubutun ya bi."

Baba ya ce, "Yaro, kai kana da wata ƙullalliya da ni ne?"

Don in kashe magana na ƙara hoto a kowace ƙofa, mutum da doguwar riga da hula, mace da doguwar riga da ɗankwali. Fenti ya ɗan zuba, hular ta yi jela. Tun daga ranar masu shaguna suka koma ƙwanƙwasawa su tsaya su ji muryar da za ta amsa.

Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Babban aiki yana sama. Na auna rufin benen daga tsallaken titi, na rufe ido ɗaya na miƙa babban yatsa, kamar yadda na ga masu zane suna yi. Na kai wa mai walda zane. Ya ce, "Ka sa tef ka auna kuwa?" Na ce tef na masu koyo ne. Ya ce shi dai abin da aka zana yake yankawa, kuma ƙarfe ba ya rangwaɗa, ƙafafun haruffa a miƙe zai yi su. Na yi masa wannan rangwamen.

Aka ja haruffa sama da igiya, manya-manya, jajaye. Muka jera GIDAN, ya zauna daram. Muka fara WALWALA, muka kai tsakiya, rufi ya ƙare.

Mai walda ya ce, "To, Farfesa, ko a ƙara wa benen faɗi?"

Ban ji daɗin yadda ya faɗi Farfesan ba, amma dabara ta zo mini nan take. Na ce a manyan ƙasashe haruffa suna rungumar juna. Na sa aka ɗauki L na tsakiya aka ɗora shi a kan W da ke biye da shi, sandarsa ta hau ƙafar hagu, aka ɗan ɗaga shi sama don ya fito, wutsiyarsa ta gitta tsakiya. Mun samu wurin harafi guda. Duk da haka biyun ƙarshe, L da A, ba su samu wuri ba, sai muka ƙara wani siririn rodi ya leƙa waje, muka ɗora su a kai suna kallon titi daga iska.

"Zai riƙe?" in ji mai walda.

"Kai da ƙarfenka kake tambayata?"

Duk wannan aiki daga bayan haruffan muka yi shi, a kan rufi, muna ganinsu a juye. Da an gama na sa aka lulluɓe su da tamfol, don kada wani mai fentin ya sace mini salo kafin ranar buɗewa. Ban sauka na tsallaka titi na duba ba. Na riga na gani a zuciyata, kuma a can ya yi kyau ƙwarai.

Ranar buɗewa ba wasa ba ce. Hawa na sama duk babu kowa, kuma mijin Yaya ya gayyato shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa da jama'arsa don su gani su kama shaguna. An shirya kujeru a ɗakin taro na can sama. Abin da ya rage mini shi ne layukan ƙasa: kore ya kai mutum ɗakin taro, shuɗi asibiti, rawaya shagon Baba. Na bar su sai safiyar ranar don su yi ƙyalli. Fentin mai na sa, wanda gwangwaninsa ya ce yana bushewa da wuri. Ban tambayi gwangwanin me yake nufi da wuri ba.

A gindin matakala layukan uku suka haɗu. Shuɗi ya hau kan rawaya, kuma duk mai fenti ya san abin da wannan auren yake haifarwa. Na tashi da kore biyu. Na tsaya ina kallonsu, na kasa tuna wanne ne ɗan asali. Kafin in yanke hukunci na ji jiniya da ƙarar ƙofofin motoci.

Shugaba ya shigo cikin farar shadda da fararen takalma, jama'a a bayansa. Mijin Yaya ya matso zai yi masa jagora, na sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, a gidan nan ba a jagora. Ka bi koren layi kawai, ginin zai kai ka."

Shugaba ya yi murmushi ya ce abin ya burge shi. Ya ɗora ƙafa a kan layin, don shi mutum ne mai bin doka, ya bi shi sawu a kan sawu. Jama'a suka bi shi. Kowane taku sai ka ji ɗan "caɓ". A gindin matakala ya zaɓi koren da ya fi haske. Layin ya zagaya da su ta bayan matakala, ya ratsa wani lungu, ya fitar da su tsakar bayan shagon Baba, inda aka shanya zannuwan gado da singileti da gajerun wanduna. Shugaba ya ɗaga wani jiƙaƙƙen zani da hannu, ya ci karo da Baba a tsaye cikin tururi.

Baba ya dubi taron manyan mutane, ya dubi kwalinsa, ya ce, "Ranku ya daɗe, kaya kawai muke wankewa."

Da aka fito da su, fararen takalman shugaba sun koma kamar ya yini a gonar alayyafo, tayil ɗin ƙasa kuma duk sawun ƙafa, wasu sun nufi gabas wasu yamma. Mijin Yaya ya matso kusa da kunnena yana murmushi saboda baƙi, ya ce a hankali, "Albarkacin yayarka kake numfashi." Sannan ya ɗaga murya ya ce a sauko da kujeru, a waje za a yi taro, iska ta fi.

Wani mai hankali zai ja jiki ya ɓace a nan. Ni na ga dama ce ta wanke suna. Da aka zauna ƙarƙashin rumfa a bakin titi, aka gama jawabai, aka zo buɗe sunan gida, na karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa kafin ya miƙa wa kowa.

Na ce, "Jama'a, abin da ya faru a ciki gwaji ne. Yanzu za ku ga aiki. Sunan da ke ƙarƙashin tamfol ɗin can, Yayata ce ta zaɓe shi, kuma shi ne abin da duk wanda ya kama shago a gidan nan zai samu, safe da yamma, shi da iyalinsa. Mai gidan ma tun da ya fara gini a cikinsa yake, kuma a cikinsa zai ƙare."

Aka tafa. Yaya ta gyara mayafi tana murmushi. Matata, da ke zaune gefenta, ta rufe ido tun kafin a ja igiya.

Shugaba ya ja, tamfol ya sulale. Na juya baya ga ginin ina fuskantar jama'a, don in more fuskokinsu. Na ga bakuna a buɗe, na ce a raina, ai dole. Sai wata mai sayar da ayaba da ke tsallaken titi ta karanta da ƙarfi, a hankali, kamar mai koya wa 'yan aji.

"Gi-dan Wa-ha-la."

Na waiwaya. L da W da na sa su rungumi juna sun rungumu har sun zama mutum ɗaya: ƙafafu biyu a tsaye, sanda a tsakiya. Ga shi nan ja wur a sararin sama, ana hangowa daga kasuwa.

Dariya ta fara daga baya, wajen masu babura, ta gangaro har layin gaba. Shugaba ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna rawa. Wani daga cikin 'yan kasuwa ya ce, "Safe da yamma, ya ce, mu da iyalanmu."

Na ce a makirufo, "Ku karkata kai hagu kaɗan. Salo ne, sai an karkata."

Abin mamaki, suka karkata, taro guda, har shugaba. Mai ayaba ta ce, "Yanzu kuma wahalar ce a kwance."

Yaya ta daina murmushi. Ta ce, "Burushi, sunan da na kwana ina zaɓe ke nan?"

"Yaya, ba ni minti biyar."

Mijinta ya ce, "Kada ka taɓa komai."

Amma na riga na zari guduma daga jakar mai walda na nufi matakala, ina ƙara wa tayil sabon sawu. Na fito kan rufi ina haki. Lissafina mai sauƙi ne: in buge L ya matsa gefe, W ya fito, suna ya dawo, a tafa mini. Na ɗaga wa jama'a hannu, na tofa yawu a tafi, na ba shi ɗaya. Bai motsa ba. Na ba shi na biyu. A na uku waldar ta saki gaba ɗaya, L ya kife ta baya ya faɗi kan rufi, saura ƙiris ya tafi da yatsun ƙafata. Girgizar ta bi sandar ƙarfen da haruffan ke kai har ƙarshe. Siririn rodin nan da ke leƙe a waje ya yi wani ƙara, ya sunkuya a hankali kamar mai gaisuwa, ya sauke haruffa biyun ƙarshe a kan rumfar da aka jera lemon baƙi. Allah ya tsare babu kowa a ƙasa, sai kwalabe da suka yi ta fashewa.

Na leƙo ta tsakanin haruffan da suka rage, guduma a hannu, fenti kore har gwiwa. Na ga mutane sun daina dariyar zaune, wasu sun durƙusa, wasu sun dafa juna. Wayoyi duk sun ɗago sama. Daga inda nake a juye nake ganin rubutun, sai da na bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. W, A, W, A.

Likita ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya sosai ba, amma makirufo yana kusa da ita. Ta ce, "Wannan dai ana iya karantawa."

Ban sauko ba sai da rumfa ta watse. Matata ce ta hawo ta same ni zaune a bayan harafin G. Ta miƙo mini ruwa a leda, ta zauna.

Na ce, "Mutanen garin nan ba su kai ga fahimtar aikina ba."

Ta ce, "Yau kam sun fahimta, Baban yara. Tashi mu tafi."

Kamfanin nan suka zo daga baya, suka cire komai, suka sa haruffansu na kwalin magani. Kafin su gama, mijin Yaya ya yanke mini hukunci: in zo kullum in kankare fentin tayil da hannuna, in kuma zauna a bakin ƙofa in nuna wa baƙi hanya. Yaya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Shagunan sama sun cika, don hoton ya zagaya wayoyi, ba wanda bai san ginin ba. Na so in nuna wa mijin Yaya cewa wannan ma aikina ne, amma na dubi fuskarsa na fasa.

Yanzu sunan yana can sama, GIDAN WALWALA, fari tas, kowane harafi a tsaye ƙiƙam. Ba mai kiransa haka. Ranar farko da na hau bas zan je kankarar tayil, na zauna can baya na ja hula har gira. Da muka kusa, kwandasta ya buga jikin mota ya ce, "Gidan Wawa, akwai mai sauka?"

Na ƙudura a raina gara in wuce tasha ɗaya in dawo da ƙafa. Ba wanda ya amsa. Sai na ji motar tana rage gudu, ta gangara gefe ta tsaya daidai ƙofar. Direba ya dube ni ta madubi, ya ce cikin ladabi, "Farfesa, an iso gida."